Ganga a Gangaren Maƙabarta

Daga ƙofar coci zuwa maƙabarta gangare ne, ga shi an sha ruwa da safe. Kelepi, shugaban 'yan badujalar ƙauyenmu a tsibirin Vava'u, ya dubi jar ƙasar nan mai santsi.

A wurinmu masu ɗaukar gawa ba sa kallon ƙasa, babbar ganga suke bi: bugu ɗaya, taku ɗaya. In ganga ta yi gaggawa, ƙafa goma sha biyu su harɗe, akwati ya sha ƙasa a gaban dangi. Kelepi kuwa gara a ce ƙafarsa ce ta karye da a ce gawar yau ta faɗi.

Shekara talatin Heamasi ne ke riƙe musu gangar. Yana ɗingishi, saboda haka bugunsa kan yi jinkirin ƙiftawar ido, kuma duk ƙauyen a kan wannan jinkirin suka koyi taku. Yau Lopeti ne a gurbinsa, tsohon ɗan sanda, mai bugu cif-cif kamar agogo.

"Ka riƙa ja kaɗan, ɗan'uwa," in ji Kelepi.

"In ja me? Ni abin da ke takarda nake bugawa."

Aka tashi. Kelepi na gaba da ƙahonsa, babu damar waiwaye. Ba a yi taku ashirin ba abu ya rikice. Ganga ta riga masu busa, masu busa suka bi ta a guje. Ya ji takalmi ya zame a bayansa, wata mata ta ƙwalla ƙara. Sai gangar ta yi ɗif.

Kai, tsoro ya kama Kelepi! Ya ci gaba da busa ne kawai don bai san me zai yi ba.

Can sai bugu ya dawo. Mai nauyi, a ɗan dushe, kowanne da ɗan jinkirinsa. Masu busa suka zauna a kai, ƙafafu suka daidaita. Haka aka gangara har bakin kabari, ba wanda ya ƙara zamewa.

Ana sauke akwatin, Kelepi ya je ya rungume Lopeti da hawaye a idonsa.

"Ɗan banza, ashe kana da kunne!"

Lopeti bai yi dariya ba. Ya buɗe masa hannuwansa, wayam.

"Sandar kiɗan ta suɓuce mini tun saman tudu. Tana can cikin laka."

Kelepi ya juya. Mosese, ƙaton da ya ɗauki akwatin ta gaba, yana zaune daɓas a kan yashi, tabarmar da akan ɗaura don makoki ta kwance daga ƙugunsa.

"Ku da kunne kuka ji shi," in ji Mosese. "Mu a kafaɗa muka ji, daga cikin akwatin Heamasi."