Awa Ukun da Ba a Rubuta Ba

Karo na sha ɗaya ke nan Malama tana haska ɗan baƙin dutsen da ta gasa a ɗakin bincike, allon kwamfuta bai ce uffan ba.

Haɗin tagulla ne da oksijin, lantarki ba ya bi ta cikinsa. Amma waɗanda mijinta ya gasa kafin rasuwarsa, da haske ya taɓa su sai lantarkin da ke kwance ciki ya zabura, layi ya ɗaga a allo. Nata kuwa shiru. Har an fara raɗe-raɗin ƙarya marigayin ya shirga.

"Baba, littafinsa nake bi tiryan-tiryan," ta ce wa tsohon mai kula da tanderu. "Awa sha biyu ya rubuta a bar dutsen ya huce a ciki. Kuma ai nan yake wuni. Da nake jinya na ce kar ya zo ya gan ni a haka, ko musu bai yi ba."

Tsohon ya daɗe yana goge tabarau.

"'Yata, sha biyu ya rubuta, tara yake yi. Ƙarfe biyu na bugawa zai zare dutsen da zafinsa, ya ce in rufa masa asiri."

"Ya tafi ina?"

"Asibiti. Kan benci yake zama bayan tagar ɗakin da ake miki wankin ƙoda. Sai ya ga fitowarki yake dawowa."

Washegari ta zare nata a awa tara, ta haska. Layin ya ɗaga.

Sunansa ya wanku. Ita ce ta rasa inda za ta je neman gafara.