Bayan Kwalin Jagora

Kyanwa ce ta ture kwalin da jagoran wasanmu yake kare littafin dokoki da shi.

Shekara da shekaru, duk Asabar muna ɗakin ƙasan gidansa a birnin Milwaukee na Amurka, muna jefa ɗan ludo mai fuska ashirin, muna kashe dodanni da fatar baki. Kowa da jaruminsa a cikin labarin, jagora ne ke yanke hukunci daga bayan kwalinsa. Rigimarmu ɗaya ce. Ni na rantse tsohon bugun dokoki yake bi, wanda duniya ta yi rububinsa. Mijin ƙanwata ya kafe cewa sabon ne, wanda ya yi kwantai har kamfanin ya durƙushe. A kan haka muka daina gaisawa.

Kwali na faɗuwa muka leƙa tare. Babu littafi, sai guntun burodi da cuku.

"Kai, tsohon banza," in ji mijin ƙanwata, "ina dokokin?"

Jagora ya lashe yatsa. "Tsohon bugun na sayar da shi tun yana tashe. Sabon kuwa, wa ya taɓa saya?"

"To da wace doka ka kashe mini jarumi bara?" in ji mijin ƙanwata.

Jagora ya tayar da kwalinsa a hankali, ya gyara zama.

"Wa ya cinye mini yankan burodin fiza na ƙarshe ranar, in ba kai ba?"