Ƙarar da Matar Direba Ta Ji

Kai da ka saba cewa "ai ba komai" duk sa'ad da aka nuna maka ƙaramin abu, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani direba mai tsohuwar a-kori-kura, wadda ta ci hanya har agogon mil ɗinta ya gaji ya tsaya. Da ita yake kwaso wa manoman rani tumatir daga fadama zuwa kasuwar birni, da ita yake ci da gidansa. Yana son motar nan ƙwarai, kuma ban ga laifinsa ba. Halinsa ɗaya ne: rediyonsa a haɗe yake da makulli, yana murɗawa labaran safe sun cika masa kunne, gilashi a rufe. Matarsa kuwa murhunta na jikin katangar da yake ajiye hancin motar. Ita ce kullum take jin wata 'yar ƙara, kacau-kacau, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, ba ta wuce numfashi uku sai ta ɗauke. Ta faɗa masa sau ɗaya, ta sake faɗa. Gogan naka ya yi dariya, ya ce ta ji da kununta kada ya yi gudaji.

Ana nan sai mota ta fara nishi a hawa, tana shan mai fiye da ƙima. Aka canja filogi, aka wanke kafireto, duk a banza. Daga ƙarshe ya kai ta wurin wani tsohon bakanike. Ya isa da inji da zafinsa, yana kiɗa lafiya lau, don ciwo irin wannan ba ya nuna kansa da rana. Tsoho ya tambaye shi ko tana ƙara a tashin farko. Ya ce sam. Can kunya ta kama shi, ya sosa ƙeya, ya ce mai ɗakinsa dai ta taɓa cewa wani abu. Tsoho ya ce, "To, ita ta ji motar, kai rediyo ka ji. Bar ta ta kwana nan."

Da safe, inji ya yi sanyi ƙalau, tsoho ya sa aka kashe rediyo. Ya dafa bakin sukudireba a murfin gaban inji, ya manna kunne a ƙotar, aka murɗa makulli. Sai ga kacau-kacau ɗin nan, direba ya ji da kunnensa. Tsoho ya kashe, ya sa sifana ya juya inji da hannu, gaba kaɗan, baya kaɗan, sai ƙasan inji ya motsa, samansa bai bi ba sai daga baya. Sarƙar taimin ce, mai haɗa tafiyar fistin da ta bawul, ta miƙe don tsufa. Tana kaɗawa ne kafin baƙin mai ya hau, da ya hau sai ta yi shiru. Da a ce ta tsallake haƙori a kan hanya, da fistin da bawul sun gwabza, inji ya mutu ke nan, ga kwando arba'in na tumatirin mutane a tsakar rana.

Direba ya rasa lodin kwana ɗaya, ya yi ta mita, amma aka sa sabuwar sarƙa, mota ta dawo tana haye tudu ba nishi. Har yau yana kan hanya da ita cikin rufin asiri. In ya tayar da ita da safe, sai ya sauke gilashi, ya bar rediyo a kashe, ya leƙa ta kan katanga ya ce, "Yau me kika ji?"

Ka ga gaskiyar masu iya magana da suka ce, in kunne ya ji, jiki ya tsira.