Gwanjon Baba Sai-Sabuwa

Mai taya ya ga masu ciniki iri-iri, amma bai taɓa ganin wadda ta zo sayen taya babu mota ba, kuma ta ce sai dai shagon ya bi ta gida. Tela ce, ga zare maƙale a mayafinta, idanunta kuwa na wadda ta daɗe rabonta da barcin kirki.

A tsaye ta yi masa bayani. Mahaifinta tsohon direba ne, ciwo ya kwantar da shi, likita ya ce a koma gida a ci gaba da addu'a. Motarsa na tsakar gida, tayoyinta sun sace sun tsattsage, kullum yana kallon ta ta taga. Ba ya taɓa abinci sai an yi masa zancen ranar da zai koma kan hanya. Ita dai so take ya ga motar ta miƙe kan ƙafafunta, ko zuciyarsa za ta ƙara riƙe shi.

"A janyo ta nan mana, Malama. Ga kayan aiki."

"Ba za ta janyu ba. Kai dai ka zo da su ya zaɓa."

Da ta faɗi laƙabin tsohon, mai taya ya gyara tsayuwa. Wa bai san Baba Sai-Sabuwa ba a layin masu taya? Mutumin da zai sunsuni taya ya gaya maka ta kwana biyu a rana, ya duƙa ya karanta shekarar da aka ƙera ta, ya tambayi ƙasar da ta fito, sannan ya wanke ka tas in ya kama ka ka goge tsohuwa da baƙin mai. Masu gwanjo kuwa in sun hango shi sai su shiga neman abin da ba su yar ba.

Saboda haka mai taya ya ɗauki samfuri uku. 'Yar Japan, wadda mai ita ba ya ragi. 'Yar China sabuwa, daidai aljihun talaka. Sai gwanjo guda, wadda ya jefa kawai don a san ya nuna komai.

A gidan, an fito da tsohon bakin ƙofar ɗaki kan kujera, an tallafe shi da matasai. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Motar na gefe, an rufe gabanta da tampol an danne da duwatsu. Mai taya ya kai hannu zai yaye, tela ta yi wuf ta shiga tsakani, wai jikoki ne ke karce fenti.

Aka mirgino tayoyin gaban tsohon. Ya shafa 'yar Japan ya daɗe, ya sa yatsa cikin zanenta, ya kai hanci ya lumshe ido. Ya ƙwanƙwasa 'yar China ya ce ba laifi, sun iya aiki yanzu. Daga nan ya ɗora tafinsa kan gwanjon.

"Irin wannan, huɗu."

"Baba, wallahi ina da halin sabuwa," in ji 'yar. "Na yi tanadi."

"Ke kika san taya ko ni?"

Ta juya ta shige kicin, mayafi a baki. Mai taya ma sai da tausayi ya kama shi. Ciwo ba shi da kunya: mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da tsohuwar taya, yau shi ke nuna ta da hannunsa. Ya koma shago ya tsamo huɗu mafi dama-dama, ransa duk a jagule.

Ya dawo gidan ya fara ɗaura tayoyin baya, ya sha gumi. Da ya zo gaban motar, jak ya ɗaga ta cikin sauƙi, har mai taya ya yaba wa man da ya zuba wa jak ɗin da safe. Tsohon kuwa baki ya buɗe. Da ƙarfi yake lissafa tafiyar da za a yi: a kai 'yar wajen gwaggonta, jikoki a baya, duk wanda ya yi amai a sauke shi ya bi su a ƙafa. Tela ta fito tana dariya da jajayen idanu, ta kawo masa kwano, ya cinye har ya nemi ƙari. Rabon da ta ga haka, ta manta.

Da ta koma ɗebo masa, mai taya ya kasa haɗiye abin da ke ransa. Ya goge hannu, ya tsuguna kusa da kujerar ya rage murya.

"Baba, don Allah kada ka hau babbar hanya da waɗannan, ballantana da yara. Ka bari in sauya maka da sababbi, ma daidaita daga baya."

Tsohon ya leƙa ƙofar kicin. Fara'ar nan duk ta zube daga fuskarsa, sai gajiya.

"Babu inda za su je, ɗana. Na tsufa a kan sitiyari, ai na san tsayuwar motar da aka cire wa inji. Hancinta ya ɗaga tun makon da 'yata ta sayar da injin ta kai ni asibiti. Tana zaton ni take rarrashi. Bar ta a haka, ni na shirya, ita ce ba ta shirya ba."