Ƙanƙarar da ta Narke a Hanyar Tsauni

Ka taɓa auna nisan hanya da daɗin da ka ji a kanta? In ka taɓa, matso ka ji misalin wani matashin malamin dabbobi, ɗan ƙasar Haɗeja, inda ƙasa take shimfiɗe kamar faifai, zuwa da dawowa duk tsawonsu ɗaya. Aiki ya kai shi wani ƙauye a ƙololuwar tsaunukan Mambila. Mota ce ta hau da shi yana sharar barci, kekensa mai faffaɗar taya ɗaure a samanta. Ya tarar ciwon huhu ya fara kayar da shanu a tsaunin da ke kallon nasu. Nan take ya ce wa ardo a tara garke uku gobe da azahar, shi zai gangara gari da keke ya ɗauko allurar rigakafi ya dawo. Ardo ya dube shi, ya dubi keken, ya ce, "Likita, gobe-goben nan?" Ya ce, "Ƙwarai kuwa, Baba." Dattijon ya so ya ƙara wani abu, amma ya ga baƙon ya riga ya sunkuya yana danna taya, sai ya haɗiye maganarsa.

Da sassafe ya hau keke. Hanyar burji ce, ja, tana naɗe tsaunin kamar rawani. Bai taka feda ko sau ɗaya ba. Tsakuwa tana ƙara a ƙarƙashinsa kamar ana suyar gyaɗa, raɓa tana jiƙa masa gira, ƙamshin itacen turare yana bin sa kwana bayan kwana. Can ya ga gajimare kwance a ƙasa da shi, fari fat, kawunan tsaunuka sun leƙo daga cikinsa kamar tozon shanu a rafi. Wani shaho ya gifta ta ƙarƙashin ƙafarsa. Ya shige cikin farin, duniya ta ɓace, sai ƙararrawar wata saniya da ba ya gani. Ya fito ta ɗaya gefen ya tarar da gonakin shayi kore shar har iyakar ido. A ransa har ya zana hanyar a taswira, ya raɗa mata suna, ya gayyato abokansa masu keke daga birni su zo su ɗanɗana. Da ya duba agogo a bakin kasuwa, awa ɗaya cif.

Mai kantin magani ya jera masa kwalabe a cikin kula, ya zuba ƙanƙara, ya ce, "Ɗan'uwa, mutanen sama kwana suke yi. Su ninka ƙanƙara, su binne ta a garin katako, su kama hanya da asuba kafin rana ta farka." Matashin ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, ai awa ɗaya na yi." Mai kantin ya ce, "Awa ɗaya ka sauko." Amma mai keke ya riga ya ɗaure kula a baya, har ya tsaya shan shayi, don a lissafinsa lokaci ma ya yi masa yawa.

Tun daga kwanar farko hanyar ta sauya fuska. Tsakuwar da ta yi masa waƙa da safe yanzu zamewa take, tayar baya tana juyawa a wuri ɗaya. Ya miƙe tsaye a kan feda, ya zauna, ya sauka ya tura. Rana ta kore gajimaren, ta zauna masa a wuya. Da farko yana jin ƙanƙara tana ƙwanƙwasa bangon kula. Da azahar ta yi, ƙwanƙwasar ta zama ƙanƙanuwa. Kafin la'asar sai motsin ruwa kawai. Mata masu ƙwaryar nono a ka suka wuce shi da ƙafa, suka ce masa sannu. Rana na gab da faɗuwa ya iso, ya tarar da shanu tsaye wuni guda ba kiwo, makiyaya jingine da sandunansu. Ya tsoma yatsa a kula, ruwan ɗumi ne. Ya san maganin ya mutu, ya kuma san in ya yi allurar ba mai ganewa. Ya ɗaga kai ya faɗa musu gaskiya. Ardo ya ce, "To, Allah ya sa haka shi ne alheri," ya ɗaga sanda, garkuna suka watse. Kafin a sake tara su mako ya cika, kuma a makon nan ciwon ya tsallako, ya kwashe maruƙa goma sha ɗaya.

Ni dai tun da na ji wannan nake cewa, hanyar tsauni biyu ce a jiki ɗaya: wadda ke saukar da kai da wadda ke mayar da kai, kuma ta biyun sai wanda ya saba hawanta ne ya san tsawonta. Saboda haka kai mai keke, kai mai zana hanyoyi a waya, duk ranar da gangara ta yi maka daɗi, tsaya a gindinta ka tare mai nono ko makiyayi, ka tambaye shi awa nawa ake yi a koma, ka saurari amsar har ƙarshe. Hausawa suka ce, da ɗan gari akan ci gari.