Wanzamin da Ya Wasa Wuƙar da Bai Gani Ba

Kai da kake cewa ƙarin gishiri a labari ba ya cutar da kowa, gyara zama ka ji abin da ya sami wani wanzami, Tanimu, a wata sabuwar unguwa ta bayan gari.

Hannun Tanimu dai ba a magana. Askarsa ba ta taɓa yi wa jariri ƙwarzane ba, shi ya sa duk gidan da aka haihu shi ake aika wa ranar suna. Ciwonsa ɗaya, baki. In ya dafa kanka ya fara zuba, sai gashin ya kusa sake tsirowa bai kai aya ba. Labarin da ya fi ƙauna kuwa shi ne na kisan da aka yi a unguwar shekara tara da suka wuce, lokacin da wani direba ya kashe maigidansa, Allah ya jiƙan rai, aka kama shi, kotu ta yi aikinta. Tanimu bai ga komai ba, don sai bayan shekara biyu ya tare a unguwar. Amma da yake yawancin mazaunan farko sun tashi, sai ya gaje labarin kamar gonar ubansa. Da fari "an ce" yake cewa. Kwana ya ja, "an ce" ta faɗi a hanya, aka koma "da idona na gani".

Ana nan sai ga 'yan fim, za su mayar da kisan shirin talabijin mai kashi shida. Marubuciyarsu ta tambayi wanda ya san abin ciki da bai, kowa ya nuna mata rumfar Tanimu. Mutuminka ya karkace hula, ya ce, "Hajiya, kin zo gidan labari. Ranar da abin zai faru, a kan bencin nan na yi wa direban aski." Da ya ga biro na gudu a takarda, daɗi ya kwashe shi, ya ƙara da abin da ko shi bai taɓa ji ba sai ranar: "Har wata wuƙa ya miƙo mini in wasa masa, wai ta yankan kaji ce. Ina wasawa ina kallon idonsa, na ce a raina, kai, wannan ba kaza zai yanka ba."

Asabar ɗin da za a nuna kashi na uku, Tanimu ya fito da talabijin ƙofar gida, ya shimfiɗa tabarmi, ya raba dafaffiyar gyaɗa. Sai ga wanzami a allo: zabira irin tasa, hula a karkace, har wushiryarsa ba su bari ba. Jama'a suka ɗauki shewa, Tanimu na ta washe baki. Can sai direba ya miƙo wuƙa. Wanzamin fim ya dubi idonsa ya gane, amma ya sunkuya ya ci gaba da goga ta a dutse, a hankali, kiɗa na tashi mai tayar da tsikar jiki. Mutumin da ke gefen Tanimu, wanda ya yi wa gyaran gemu da safe, ya kai hannu ya shafa maƙogwaronsa.

Washegari benci wayam. Wa zai miƙa wuya ga wanda ya gane makashi kuma ya wasa masa wuƙa? A makon an yi suna uku, duk daga wata unguwa aka ɗauko wanzami. Wata tsohuwa ma ta ce, tana sane yana ji, hannun nan ba zai taɓa kan jikanta ba ko da yaron zai yi gashi har gadon baya.

Matarsa Ladidi ta bar shi ya yi kwana goma yana korar ƙuda, sannan ta ce, "Malam, ranar da aka yi kisan nan ba kana ƙauyenku kwance wurin mai ɗori ba, jaki ya kayar da kai? Ni na riƙa kai maka kunu. Zaɓi ɗaya, labarin ko zabirar."

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don labarin nan da shi ya zama wani a unguwar. Amma labari ba ya shiga tukunya. Bayan la'asar ya miƙe a ƙofar masallaci, ya ce, "Jama'a, ban ga komai ba. Direban nan ko a mafarki ban san shi ba. Ina can da karaya, jaki ne shaidata."

Mai unguwa ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ai ni na ba ka wurin rumfa, na san ranar da ka zo. Shekara bakwai ina jiran in ga inda za ka sauka!"

Aka yi ta dariya har aka watse, benci kuma ya sake cika. Tsohuwar nan ma da aka yi mata wata jika, shi ta aika wa. Sai dai har yau duk wanda ya zauna a gabansa, kafin ya cire hula, sai ya ce, "Tanimu, aski kawai, ban da labari." Shi kuwa ya haɗiye yawu ya ja aska, bakin nan gum. Babu wanda ya kai ƙararsa, babu wanda ya yi masa sharri, shi ya ɗora wa kansa. Dama Hausawa sun faɗa: tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.