Yayanta Ne Tafinta

"Ba mu da lokaci," in ji shugabar kwamitin gyaran tsarin tallafa wa masu buƙata ta musamman, fuska a murtuke. "Mece ce shawararta?"

Matar da aka gayyato ta miƙe. Tela ce, kuma kurma. Hannayenta suka shiga magana da zafi, har tana dukan ƙirji. Yayanta da ke yi mata tafinta ya gyara murya.

"Ta ce tsarin ya yi. A ci gaba da damƙa tallafin a hannun dangi."

"Duk wannan dogon bayanin?"

"Ranki ya daɗe, surutu ne kawai. Ni na san ƙanwata. Ke dai rubuta abin da na faɗa."

Shugaba ta ajiye biro. Ta ɗaga hannayenta tana amsa wa telar, tana kuma faɗa kowa na ji.

"Na gani, 'yar'uwa. Kin ce a riƙa ba ku haƙƙinku hannu da hannu, don da naki yayanki ya sayi babur."

Sannan ta dube shi.

"Kurma ce ta haife ni. Da hannu na fara magana kafin baki. Ga ƙofa can."